Ina Ruwanmu da Ƙanƙarar Patagoniya?



Akwai bashin da wata uwa take bina, na daɗe ina ɗauke da shi, yau nake so in biya ko da rabi ne. A gidan rediyo minti uku ake ba mutum kafin talla ta katse shi, shi ya sa na kawo maganar nan, inda ba mai ɗaga mini hannu ta bayan gilashi yana nuna agogo.

Ranar Juma'a 21 ga watan Maris na 2025, azumi ya kai wajen ashirin, zafi ya fara cin mutane tun da hantsi. Na shiga situdiyo na tarar an aje mini takarda cikin Faransanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana, karo na farko, domin abin da Faransawa ke ce ma glasiye, kuma ranar ruwa ta duniya da za a yi washegari ita ma kan wannan batun aka ɗora ta. Aka ce in fassara in yi ma jama'a bayani.

Nan na fara gumi. Tun muna kwalej mushe ya koya mana kalmar, mun haddace ta, mun zuba ta a takardar jarrabawa, amma ban taɓa tambayar kaina yadda za a faɗe ta da Hausa ba. Mu ƙanƙara biyu muka sani: wadda ke faɗowa da ruwan sama ta fasa ganyen gero, da wadda ake ɗaurewa a leda a saka firigo. Na yi ta juya abin, daga ƙarshe na ce kogin ƙanƙara.

Na buɗe makirofo na shiga zuba. Na ce a ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu akwai wani yanki da ake kira Patagoniya, tsakanin Ajantina da Chile, ƙasar iska da duwatsu, mutane ƙalilan. Na ce a can akwai wani kogin ƙanƙara mai suna Perito Moreno, tsawonshi kilomita 30, faɗin bakinshi wajen kilomita 5, kuma bangonshi ya tashi sama da mita 60 a kan ruwan tafkin da yake faɗawa. Na ce dusar ƙanƙara ce ke zuba bisa duwatsu shekara bayan shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta zama kamar dutse, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa a hankali, a tsakiya har kusan mita biyu a yini. Na ce mutane na biyan kuɗin jirgi daga ko'ina cikin duniya su je su tsaya gabanshi, su ji ƙarar da yake yi idan wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa. Na ce shekaru da dama ana kafa misali da shi cewa bai ja da baya ba, amma yanzu shi ma ya fara. Wallahi na ji daɗin kaina, har ina gyara zama.

Sai muka buɗe layi. Kira na biyu wata dattijuwa ce daga Garin Malam.

Ta ce, "Ɗana, ina kwana, ya azumi?"

Na ce, "Lafiya lau Inna, alhamdu lillahi, muna saurarenki."

Ta ce, "Yau kwana huɗu pampon unguwarmu bai ɗiga ba. Jiya kuɗin cefane na ba ɗan garuwa ya kawo mini bido biyu. Ƙanƙarar buɗa baki ma sai jikana ya bi layi, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Kai kuma kana zaune cikin sanyin kilim kana ba mu labarin ƙanƙarar Turawa tana narkewa. Ɗana, ina ruwanmu?"

Na ce, "Inna, ai duniya ɗaya ce, canjin yanayi ya shafi kowa da kowa." Kafin in rufe baki ta kashe wayarta. Mai kula da na'ura ya dube ni ta gilashi yana danne dariya, ya saka talla.

Amsar da na ba ta ba ƙarya ba ce, amma amsar takarda ce, irin wadda ake bayarwa a taron otel kafin a raba kuɗin zama. Ta yi mini tambaya da bakin mai ƙishirwa, na amsa mata da bakin mai karanta sanarwa. A daren ranar, wajen ƙarfe biyu, ina zaune tsakar gida kusa da pampo tare da uwargida, mun jera bido da bokiti muna jiran ko zai yi tari, sai na tuna Bagzan. Na ce a raina, kai, ashe ina da amsar tun tuni, na bar ta bisa dutse.

Bari in koma baya kaɗan don waɗanda ba su san asalina ba. Ni ɗan Zongo ne. Kakana na wajen uba mai masauki ne, a gidanshi ayarin Abzinawa ke sauka. Wanda ya san tarihin garin nan ya san Zongo ba ta rasa nasaba da fataken arewa: su je Bilma da Fashi su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damargu da Damagaram har Kano, su koma da gero da tufafi. Ayarin ya ja baya tun da manyan motoci suka karɓe hanya, amma zumuncin bai mutu ba. Har yau akwai gida guda daga mutanen Bagzan da in ɗansu ya shigo Damagaram, ko asibiti ko kasuwa, a zaurenmu yake kwana. Wani sa'ana daga cikinsu, mai fataucin albasa, ya yi shekaru yana ce mini, "Mu kaka da kakanni muna zuwa gidanku, ku ko sau ɗaya ba wanda ya taka namu." A sanyin ƙarshen 2021 na ɗauki hutu na bi shi.

Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Aderbisinat. Wanda ya bi hanyar ya san abin da bayan mutum ke gani, ba sai na faɗa ba. Daga Agadas muka hau bayan wata babbar mota mai komawa ɗaukar albasa, muka yi fiye da kilomita 100 cikin koramai busassu da tsakuwa har Tabelot. Tun daga nesa nake hangen wani baƙin bango ya tare sararin sama. Na ce hadari ne? Abokina ya ce, "Gidanmu ne."

Ni fa na tafi da girman kai. Muna yara mun gama hawan duwatsun Birni, mun zamiya a kansu har wandunanmu suka huje. Hutun lakwal kuma a Damagaram Takaya nake yi wajen kakata ta wajen uwa, muna bin awaki bisa tuddai cikin ƙaya. Na ɗauka na san dutse. Abin da ban lissafa ba shi ne garinmu ko mita 500 bai kai ba a kan teku, shi kuwa Bagzan shimfiɗarshi ta sama ta haura mita 1,500, ƙololuwarshi da ake kira Idukal-n-Tages tana da mita 2,022, kuma duk faɗin Nijar ba inda ya kai ta tsawo.

Da asuba muka kama hawa, mu uku da jakai biyu. Na ukunmu baffan abokina ne, dattijo mai kusan shekara saba'in, siriri kamar sanda, da takalmin taya a ƙafarshi. Ni kuwa na sha sabon basket da na saya musamman don tafiyar. Hanyar ta bi cikin wani kwazazzabo, duwatsu manya kamar ɗakuna an jibge su bisa juna, wani wuri sai ka sa hannu ka ja jikinka. Lokaci lokaci sai mu manne da bango mu ba jakai hanya, suna gangarowa da buhunan albasa, yaro ƙarami na bayansu yana waƙa, ko kallon ƙasa ba ya yi.

Kafin awa guda na shanye gorar ruwana tas. Zuciyata na bugawa har cikin kunne, sabon takalmi ya fara cin diddige. Na zauna bisa wani dutse na ce a ba ni ruwa. Tsohon ya tsaya ya dube ni, ya ce da Hausarshi mai daɗi ta mutanen Abzin, "Ɗan Damagaram, kai da ka fito garin ƙishirwa, haka kake shan ruwa kamar wanda aka haifa bakin kogin Isa?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, maƙogwaro ne ya bushe."

Ya kwance salkarshi ya zuba mini a murfin buta, abin da bai fi kurɓa uku ba. Ya ce, "Riƙe shi a baki kafin ka haɗiye. Kuma ka daina kallon sama, saman ba ya gudu. Dubi inda za ka aza ƙafa."

Haka muka yi ta yi, kurɓa uku, tafiya, kurɓa uku. Su a awa uku suke hawa, ni na ja mu har bayan azahar. Da muka fita daga kwazazzabon na ɗaga kai, sai na rasa abin cewa. Na zaci in an hau dutse tsini ake tararwa. Ashe wata ƙasa ce shimfiɗe a sama, mai tsawon kilomita gommai, da garuruwanta, da masallatanta, da makarantar boko, da awaki da raƙuma. Ni da nake jin Bagazam a bakin maroƙa in suna yabon dokin sarki, ban taɓa kawo ma raina cewa wuri ne da ake haihuwa a yi aure a binne mutane ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne garake. Ko'ina ka duba dutse ne baƙi da ja, ƙone kamar an fito da shi daga wuta, sai kawai ka ga wani kore shar a tsakiya: albasa, tafarnuwa, tumatir, alkama, ga lemun tsami ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Na tambayi tsohon daga ina ruwan yake. Bai amsa ba, ya ce in biyo shi.

Ya kai ni gindin wani dutse. Ruwa ne ke fitowa daga wata tsaga, siriri, kaurinshi bai fi yatsa biyu ba. In a Damagaram ne pampo ya zo da irin wannan ƙarfin, tsaki za mu yi mu ce yau ma ba su sako ba. An yi mishi 'yar hanya da duwatsu da laka zuwa wani kwarmi da aka gina. Dare duka yana taruwa a ciki, da safe a cire toshiya ya bi magudana zuwa garkar wanda ranarshi ce. Kowane gida ya san ranarshi. Wanda garkarshi ke nesa da idon ruwa, rijiya yake da ita, raƙumi ko sa na ja mishi guga.

Na ce, "Baba, yaushe rabonku da ruwan sama?"

Ya ce, "Wata huɗu. Kuma nan da wata bakwai ba mu sa rai."

Na ce, "To wannan fa daga ina?"

Ya dafa dutsen da tafin hannu kamar mai shafa wuyan doki. Ya ce, "Wannan rumbu ne. Ruwan sama kwana kaɗan yake yi mana a shekara. In ya zo, dutse ya haɗiye abin da zai iya ta cikin tsagoginshi, ya riƙa ba mu da kaɗan da kaɗan har wata damina. Namu aikin shi ne mu hana sauran gudu." Ya nuna mini jerin duwatsun da suka gitta a kan 'yan koramai, kowane bai wuce gwiwa ba. Ya ce in ruwa ya taho da gudu ya ci karo da su, sai ya rage sauri, ya zauna, ya nutse. Ya ce shekarar da damina ta yi rowa idon ruwan na ƙanƙancewa, sai a rage fadamar da za a shuka tun kafin a zuba iri, kada a yi rigima daga baya. Ya ce akwai idanun da ya sani yana yaro waɗanda yanzu sai dai a nuna ma yara wurin.

A daren nan na san abin da ake kira sanyi. Bargo biyu, ga wuta a tsakar ɗaki, amma haƙorana na kaɗawa. Da asuba na fita alwala, na ɗauki kwanon da aka bari a waje da sauran ruwa, na sa hannu sai na ji abu ya tare ni. Na haska fitilar waya. Wani ɓawo ne siriri kamar gilashi ya rufe ruwan. Na ɗago shi a tafin hannu ina kallo har ya narke ya bi ta tsakanin yatsuna. Shekarata talatin da 'yan kai, ran nan na fara ganin ruwa ya daskare da kanshi, ba wuta ba firigo. Na shiga ina kiran abokina kamar yaro ya ga rakumin dawa. Matan gidan suka yi ta dariya, wai baƙo ya ga abin mamaki.

Kada in yi muku ƙarya, ban kai ƙololuwar ba. Mun kama hanyarta rana ta uku, gwiwata ta ce ita fa nan ta tsaya. Muka zauna inuwar wani dutse tsohon ya dafa shayi. A nan yake ba ni labari cewa da can jagoran masu yawon buɗe ido ne. Turawa na zuwa lokacin sanyi, ya yi mako guda yana zagayawa da su da jakai, abin da ya samu ya ishe shi gero na watanni. Tun tawayen 2007 da sace-sacen mutanen da suka biyo baya ƙafa ta ɗauke, jagorori suka koma garka. Ya ce, "Na hau da Faransawa, na hau da Jamusawa da Italiyawa, ban iya ƙirga su ba. Bahaushe kuwa, in ba malamin lakwal ko likitan da aka turo aiki ba, kai ne na fari da ya zo don ya gani kawai." Na ji kunya. A Patagoniyar can akwai wani ƙaramin gari, El Chalten, da aka kafa a 1985 gindin dutsen Fitz Roy mai mita 3,405, kusan duk abincin garin daga masu zuwa hawan dutse yake fitowa, kuma cikin masu zuwan har da 'yan ƙasar da yawa. Mu kuwa namu sai baƙo ya ɗauko hoto ya nuna mana.

To Inna, ga inda labarin ya haɗu da tambayarki.

Kogin ƙanƙarar nan da na cika ku da labarinshi, aikinshi ɗaya ne da dutsen tsohon nan. Rumbu ne. Yana karɓa lokacin da sama ke bayarwa, ya riƙe, ya riƙa saki kaɗan kaɗan lokacin da sama ta rufe. Wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin duniya a daskare yake cikin irin wannan ƙanƙara, kuma mutane kusan biliyan biyu ne ke sha da noma da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Abin da ke tsorata mutanen can shi ne, in rumbun ya narke, ruwa zai zo musu da yawa a lokaci ɗaya ya yi ɓarna, daga baya kuma su neme shi su rasa. Wannan rayuwar da suke tsoron faɗawa ciki, Inna, ai ita ce mu muke ciki tun tuni. Da na ce miki haka ran nan, na san da kin tsaya kin ji sauran.

Ku tuna, wata shida da 'yan kwanaki kafin kiran nan, ranar 3 ga Satumban 2024, ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19. Duk mun ga bidiyon, wasu sun yi kuka. A daminar nan gidaje nawa suka faɗi, mutum nawa suka kwana a azuzuwan lakwal? Ruwa har gwiwa cikin lunguna, muna roƙon Allah ya tsagaita. Watan Maris kuma ga mu da bido muna bin ɗan garuwa. Gari ɗaya, shekara ɗaya. Ina wancan ruwan ya tafi? Wani ya bi kwalta ya fice, wani ya kwanta cikin kwata da leda har rana ta shanye shi.

Gaskiya ne ƙasarmu ba ta taimake mu ba. Damagaram bisa dutse take zaune, irin mai tauri da ba ya riƙe ruwa sai a tsaga. Masana sun ce duwatsunmu da na Abzin da na Jos a Najeriya dangi ɗaya ne, jeri guda suka yi daga arewa zuwa kudu. Sai dai Bagzan ya tashi sama yana taran hadari, mutanen kanshi kuma ba su da yawa, mu kuwa muna ƙasa, mun yi dubu ɗaruruwa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Ruwan da ke zuwa pampunanmu ma daga wajen gari ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Duk wannan na sani, kuma jawo ruwa da raba shi bisa adalci nauyi ne na hukuma, ba zan sauke mata shi ba. Mai biyan kuɗin pampo kowane wata yana da haƙƙin ya ga ruwa, ba iska ba.

Amma akwai namu. Kakanninmu da suka zauna kan wannan dutsen ba su da injin, da tafkuna suka rayu. Inda aka haƙi ƙasar gini ya zama tafki, damina ta cika shi, dabbobi su sha, a yi bulo, rijiyoyin kusa su samu. Su ne rumbunanmu. Mi muka yi da su? Bari in fara da kaina kafin in nuna wani. Gidan da nake haya yau, a daidai wurin na koyi iyo ina ɗan shekara tara. An cike bakin tafkin da shara, aka zuba ƙasa, aka yanka filaye. Na shiga na zauna ban tambayi kowa ba, har na roƙi mai gidan ya shafe tsakar gida da siminti saboda caɓi. Kowace damina ruwa na shigo mana ɗaki, in tashi ina faɗa, alhali shi gidanshi ya dawo. Ruwan indararona kuwa, wanda ya sauka tsaf daga sama, da hannuna na yi mishi hanya ya fita titi. Bayan wata bakwai in sayi wanda bai kai shi tsabta ba.

Daminar da ta biyo bayan kiran Inna na sa makeri ya yi mini magudana a bakin kwano, na aje tano biyu a ƙasa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ruwa ɗaya mai ƙarfi ke cika su, kuma ba su kai mu ko'ina cikin rani. Amma wanki da wanke-wanken damina duka ba mu taɓa pampo ba. Da na je Damagaram Takaya gaisuwa, na tarar matasa na haƙa rabin wata a gefen tuddai suna jera duwatsu a kan zaizaya. Na tsaya ina kallo, na ce wannan ai aikin tsohon Bagzan ne. A inda aka yi shekarun baya ciyawa ta fito, har da 'yan itatuwa, wurin da na sani fako ne tun ina yaro.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Tafkunan da suka rage mana a cikin gari, a san iyakarsu, a hana yanka su, mu kuma mu daina kai musu shara. Masu unguwanni da limamai su sa baki, don in ba su yi magana ba takarda ba ta hana kowa. Duk wanda zai yi sabon gini ya tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke bi kafin ya aza tubali. Mu 'yan rediyo kuma mu daina tuna maganar ruwa sai a watan Maris da Afrilu lokacin da ba a iya komai sai kuka. A watan Agusta ya kamata mu fi yin ta, lokacin da yake wucewa ta ƙofar gidajenmu.

Wani abu kuma da na karanta daga baya, ya sa na daina ce mata ƙanƙarar Turawa. Masana duwatsu sun gano cewa a Jado, can arewa maso gabashin ƙasar nan, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu ɗauke da zanen da kogin ƙanƙara ya karta a kansu yana wucewa, shekaru wajen miliyan 445 da suka shige. Wato inda yau ko tsuntsu sai ya yi shiri kafin ya ratsa, ƙanƙara ta taɓa rufe shi. Ikon Allah ke nan, ba ƙasar da aka yi ma alkawarin za ta dawwama yadda take.

Inna, kin yi gaskiya ran nan. Mai azumi da bai da ruwan girki ba ya bukatar labarin wata duniya, kuma hayaƙin da ke narkar da ƙanƙarar can ba daga murhunki ya fito ba. Laifina ne da na fara daga Ajantina, da daga ƙofar gidanki na fara da mun fahimci juna. Ban san sunanki ba, lambarki ma ba ta zauna a na'urarmu ba. In akwai jikanki ko maƙwabcinki a wannan zaure, don Allah ya karanta miki, ya ce ɗanki na rediyo na neman afuwa, kuma layi a buɗe yake ranar Juma'a.

Ku kuma matasa, in Allah ya kai mu damina, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi aka ɗauke, ina gayyatar duk mai iko mu haɗu mu hau duwatsun Birni. Ba sai an je Bagzan ba, ba kuɗin mota, ba sabon takalmi. Mu tsaya a sama mu ga ta ina ruwan garinmu ke bi, ina yake taruwa, ina muka toshe mishi, ta ina yake ficewa. Wanda ke da waya mai hoto ya ɗauka, mu kawo nan mu tattauna, mu kai ma waɗanda abin ya shafa. Zan zo da gorar ruwa ɗaya, kurɓa uku uku za mu yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hankalin riƙe abin da ya saukar mana. Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu ranar Juma'a.